Mota da Tafiya a Wasan Project Zomboid: Sharhi a Kan Jigo

Wasan kwamfuta labari ne da ba ya kammala sai mai wasa ya sa hannu a ciki. Saboda haka mai nazarinsa ba zai tsaya ga maganganun da aka rubuta kaɗai ba, tilas ne ya dubi dokokin da aka gina wasan a kansu, domin kuwa a nan ne jigo yake ɓuya. Wannan maƙala za ta ɗauki abu guda, watau mota da sha'anin zirga-zirga a wasan Project Zomboid, ta bi shawarwarin da gogaggun 'yan wasa suke bai wa sababbin shiga, don a ga abin da shawarwarin suke tonawa game da manufar wasan. Abin da ake son nunawa shi ne, kusan kowace shawara a kan mota a wannan wasa gargaɗi ce, kuma ba haka kawai abin ya zo ba.

Wani ƙaramin kamfani mai suna The Indie Stone, wanda ma'aikatansa suke Ingila da Kanada, shi ne ya ƙago wasan. An fara fitar da shi a 2011, aka sa shi a kasuwar Steam a 2013, kuma tun daga lokacin ake ta yi masa ƙari bugu bayan bugu. An kafa labarin a jihar Kentaki ta Amurka, cikin watan Yuli na 1993, bayan wata annoba ta ɓarke, sojoji sun killace yankin. Garuruwa irin su Muldraugh da West Point da birnin Louisville duk akwai su a zahiri, a kusa da barikin Fort Knox da kogin Ohayo. Tun a allon farko ake shaida wa mai wasa cewa labarin da zai shiga labarin yadda ya mutu ne. Babu cin nasara, sai dai a ƙidaya kwanakin da tauraro ya yi kafin ajali ya cim masa. Shekara bakwai wasan ya yi ba mota, kowa a ƙasa yake tafiya, sai a bugu na 39, cikin 2018, aka shigo da ita.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar zombi, don fassara ta da fatalwa kuskure ne. Fatalwa ba ta da jiki, zombi kuwa jiki ne kawai, ba hankali ba kurwa. Asalin kalmar daga al'adun mutanen Haiti ne, inda take nufin gawar da boka ya tayar don ta yi masa bauta a gona. Siffar da aka sani a yau, ta gawarwaki masu yawo cikin ayari suna cin naman mutane, George Romero ne ya kafa ta a fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968, ko da yake shi bai kira su da wannan suna a cikin fim ɗin ba. Abin lura a nan shi ne yadda Romero ya yi da mota. Mutanen da suka fake a wani gidan gona suna da a-kori-kura, amma ba mai a cikinta, famfon man kuma a kulle yake. Da suka yi ƙoƙarin zuba mai, sai fetur ya zube, wuta ta kama, motar ta fashe da mutum biyu a ciki. A fim ɗinsa na 1978, Dawn of the Dead, an ciji ɗaya daga cikin taurarin ne a lokacin da suke tayar da manyan motoci don toshe ƙofofin wani katafaren kanti. Ke nan tun daga tushe, a wannan nau'in labari, mota alkawarin tsira ce wadda takan rikiɗe ta zama sanadin halaka. Project Zomboid ya gaji wannan, sai dai shi bai nuna wa ɗan kallo ba, ya mayar da abin doka wadda mai wasa zai ɗanɗana da hannunsa.

Shawara ta farko da akan bayar ita ce ta makulli. Motoci suna nan birjik a bakin titi da harabar kantuna, amma yawancinsu a kulle suke, ko ba mai, ko injin ya lalace. Akan ce wa sabon shiga ya duba ƙasa kusa da motar, ya duba ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ya shiga gidan da motar take ƙofarsa, sa'an nan ya laluba aljihun gawarwakin da ya kayar a wurin. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi nauyi ta fuskar ma'ana, domin yana tuna wa mai wasa cewa abin da ya fasa wa kai ɗazu shi ne mai motar, makonni kaɗan da suka wuce yana da gida da wurin aiki. Wasan bai faɗi haka da baki ba, makullin ne ya faɗa. In ba a sami makulli ba, sai a haɗa waya. A bugu na 41 wannan yana bukatar mataki na 1 a ilimin lantarki da mataki na 2 a kanikanci, in ban da wanda ya zaɓi sana'ar ɓarawo tun farko, shi yana iyawa daga ranar farko. Akwai habaici a nan: da duniya ta kife, ɓarawo ya riga ɗan sanda samun abin hawa.

Idan ya zama dole a fasa gilashi, akan ce kada a fasa na gefen direba, a fasa na ɗaya gefen a shiga a matsa, saboda ta tagar da ba gilashi ne hannu da haƙori suke isa ga mai tuƙi. Cizo kuwa, bisa tsarin wasan na asali, ba shi da magani. Daɗin daɗawa, wasu motocin suna da ƙararrawa, da an taɓa su sai su kira duk unguwar.

Maganar fetur ita ce ta fi cancantar dogon nazari, don a nan ne wasan ya fi nuna gwaninta. A kwanakin farko gidajen mai suna aiki. Amma cikin wata guda, a ranar da mai wasa bai sani ba, wutar lantarki takan ɗauke, kuma ba ta dawowa. Famfon mai ba ya aiki sai da wuta. Daga nan hanya biyu ce ta rage: ko a riƙa zuƙo mai daga tankunan motocin da aka watsar a cika jarka, ko a ɗauko janareta a girka kusa da famfon. Janareta yana da nauyi ƙwarai, ɗaukarsa zuwa nesa sai da mota. Haɗa shi kuma sai wanda ya karanta wata mujalla da ke bayanin yadda ake yi, ko wanda sana'arsa gyaran wuta ce. Sa'an nan shi kansa janaretan fetur yake sha, kuma ƙararsa tana jawo matattu. Watau ana bukatar mai kafin a sami mai, ana bukatar mota kafin a ciyar da mota. Mai wasan da ya bi wannan zagaye sau ɗaya ya koyi abin da dogon jawabi ba zai koya masa ba, cewa mota ba ta tsaye da ƙafarta. A bayanta akwai tashar wuta da matatar mai da direban tanka da bakanike da mai sayar da kayan gyara, kuma duk waɗannan sun mutu, ko suna yawo a titi da baki buɗe. Don haka ne gogaggu suke cewa a nemi mujallar janareta tun wuta ba ta ɗauke ba, a kuma tara jarkoki tun famfo yana zuba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sai batun ƙara. Zombin wannan wasa, a tsarin asali, ba ya gudu. Mutum mai lafiya yana iya tsere masa da tafiya kawai. Abin da yake da shi shi ne ji da gani da yawa. Injin mota kuwa ƙara gare shi, balle in salansa ta lalace. Saboda haka akan ba da shawara kada a shigo da mota har ƙofar mafaka, a ajiye ta can nesa kaɗan a ƙarasa a ƙasa, kada ayarin da ya biyo ƙarar ya san inda ake kwana. A kuma ajiye ta tana fuskantar hanyar fita, a kashe fitila da rediyo don kada batir ya mutu, domin injin da ya tsufa yana iya ƙin tashi a karo na farko da na biyu, alhali ana bubbuga gilashi. Wanda ya taɓa zama cikin wannan hali ya san cewa daƙiƙu biyar na murɗa makulli sun fi duk wani kiɗan ban tsoro da za a sa a fim.

Haka nan ana hana bankar matattu da gaban mota. Kowane karo yana rage ƙarfin bonet, in bonet ya ƙare sai inji ya fara karɓa. Gawarwakin da suka taru a ƙarƙashin taya suna iya maƙale motar ko su kifar da ita. Masu dabara sukan yi amfani da baya, su bar but ya sha dukan, ko da yake shi ma in ya lalace kayan da yake ɗauka sai su ragu. Gudu kuma shi ne ya fi kashe waɗanda suka daɗe a raye. Manyan hanyoyi cike suke da tarkacen motocin waɗanda suka yi yunƙurin tserewa tun da fari, musamman a kan hanyar Louisville inda shingen sojoji yake, kuma wanda ya taho a guje ba ya ganinsu sai ya iso. Tauraron da ya yi wata shida yana kauce wa cizo yana iya ƙarewa a jikin bishiya.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga wasan yana jayayya ne da wani tsohon tunani na Amurkawa. A adabinsu da finafinansu, hanya da mota alamar 'yanci ce: wanda gari ya ishe shi sai ya shiga mota ya nausa yamma. Littafin Jack Kerouac, On the Road, ya fito a 1957, shekara guda bayan dokar 1956 wadda ta kafa aikin manyan hanyoyin da suka haɗa jihohin ƙasar. Garuruwan da wasan ya kwaikwaya an gina su ne bisa zaton kowa yana da mota: gidaje a nan, kantuna a can, tsakanin gari da gari daji da gonaki. A Project Zomboid kuwa, labaran rediyo da talabijin na kwanakin farko suna nuna annobar ta tsallake shingen, ta ci Louisville, ta bazu a duniya, har tashoshin suka yi tsit. Babu inda za a gudu. Duk tafiyar da mai wasa zai yi da mota zuwa ne da dawowa, daga mafaka zuwa kantin kayan gini ko gidan mai, sa'an nan a komo. Motar da aka san ta da raba mutum da gida ta koma jakin ɗaukar kaya, shi ya sa gogaggu suka fi daraja motar kaya mai faɗin ciki a kan motar tsere mai kyan gani.

Duk da haka, akwai inda dokokin wasan suka ci amanar jigonsa. Na farko shi ne yadda ake koyon kanikanci. Hanyar da ta fi sauri ita ce a karanta littafin koyarwa, sa'an nan a kwance kowane sashe na mota a mayar, fitila da taya da kujera da ƙofa, a koma wata motar a maimaita, gobe ma haka. Wannan ba tsoro a cikinsa, ba labari, aikin gayya ne ba gayya. Mai wasa yakan daina ganin duniyar da ta rushe, ya koma ganin lissafin maki. Na biyu ya fi wannan muni. Ƙarar da aka sa don ta zama illar mota, 'yan wasa sun mayar da ita makami: a riƙa danna ham ko a kunna jiniyar motar 'yan sanda, a tara ɗaruruwan matattu a baya, a ja su a hankali zuwa wajen gari, ko a zagaya da su cikin wuta har su ƙone. Dabara ce mai kyau, kuma ba laifin mai wasa ba ne da ya gano ta. Amma daga lokacin da mutum ya iya ta, ayarin da ya kamata ya firgita shi ya zama garke, shi kuma makiyayi. Tun da bugu na 41 ya kawo jan tirela da jan mota da mota, aka kuma sake buɗe wasan jama'a da yawa ta intanet a Disamba 2021, ba wuya a ga mafaka mai motoci goma a jere kamar tasha. A wannan mataki tsoron Romero ya kau, abin da ya rage sha'awar tara dukiya ce, wadda ita ce Dawn of the Dead ya yi wa ba'a da kantinsa. Mai yiwuwa a ce wannan ma wani darasi ne, amma da wuya a ce da gangan aka yi shi.

Akwai kuma giɓin da ya fi ba da mamaki. Duk matsalolin da aka lissafa, na makulli da mai da ƙara da batir, keke ya warware su, kuma ba garin Amurka na 1993 da za a rasa kekuna a cikinsa. Amma har zuwa bugu na 41 masu wasan ba su sa keke ba, sai dai 'yan wasa su ƙera nasu su liƙa a matsayin ƙari. A fili yake cewa keke zai rage wa mota muhimmanci, ya kuma sassauta tarkon da aka ɗana, saboda haka rashinsa ya yi wa jigo amfani ko da ya saɓa wa hankali. Bugu na 42, wanda aka fara gwajinsa a Disamba 2024, ya zo da shanu da tumaki da aladu da kaji, amma bai zo da dokin hawa ba. Wannan kuwa a Kentaki ne, jihar da ta yi suna da kiwon dawaki, inda ake yin shahararriyar sukuwar Louisville tun 1875. A taswirar wasan ma akwai filin sukuwa a birnin, da rumfunan 'yan kallo da komai, sai dai wanda yake son ganinsa dole ya nemi makulli da jarkar fetur tukuna.