Kalmomin tattalin ruwa a garka da gona: gyara kayanka

Tun bayan farin 1984, da hukumomin Nijar suka ƙarfafa noman rani, ake ta fassara kalmomin aikin gona daga Faransanci domin littattafan yaƙi da jahilci. Aikin abin yabo ne, amma yana da rauni guda: sau da yawa akan fara da kalmar Faransanci a nema mata kishiya, maimakon a fara da abin da manomi ke faɗa.

Misali na farko shi ne « résistant à la sécheresse », wanda ake mayarwa « mai jure fari ». Fassarar ba kuskure ba ce, sai dai ta haɗa abubuwa dabam-dabam cikin ƙwarya ɗaya. Gero mai saurin nuna tsere wa fari yake yi, domin yakan kai kafin ruwa ya ɗauke. Aduwa da anza jurewa suke yi. Gawo kuwa saiwarsa ce ke cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana kaɗe ganye da damina, ya tofo da rani. Haka nan fari ba rani ba ne: rani yana zuwa kowace shekara, fari kuwa ƙarancin ruwa ne a lokacin da ake sa ransa. Littafin da ya gauraya su zai ɓatar da mai koyo.

Na biyu, « sol pauvre ». In an ce « ƙasa maras ƙarfi » an zubar da dukiya, domin manomin Maraɗi ya raba jigawa, mai shanye ruwa nan da nan, da geza mai tauri, da fadama mai riƙe danshi, da faƙo inda ruwa ke wucewa bai shiga ba. Kowace da irin aikin da take bukata.

Kalmomin da suka kama ƙasa su ne waɗanda suka fito daga bakin masu aikin. Bayan manoman Illela sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989, ramukan da Mosawa ke kira « zaï » sun bazu cikin Adar da sunan tassa: a haƙa rami a faƙo, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. A Maraɗi, barin tohon kututture ya zama itace ya samu sunan sassaben zamani, wanda ya ɗora sabon aiki bisa tsohuwar kalma. « Rabin wata », ko da yake fassarar « demi-lune » ce, ya karɓu domin ido na ganin siffar.

Saboda haka ya kamata masu tsara ƙamus su fara tattara kalmomi a garake da gonaki, su rubuta kowace da yankinta, garka a nan, lambu a can. Sai inda aka rasa kalma za a ƙirƙiro sabuwa, a gwada ta ga manoma kafin a buga.