Suri da Jiɓa a Ƙarƙashin Sawun Cusasshiyar Dabba

Masu sana'ar cusa fatar dabba, wato waɗanda ke feɗe naman daji, su jeme fatar, sa'an nan su ɗaura ta bisa sassaƙaƙƙen jiki har ta tsaya tamkar mai rai, sun daɗe da sanin cewa aikinsu bai kammala ba sai an ba dabbar ƙasar da za ta taka. Carl Akeley, wanda ya shirya akwatin nunin ɓerayen ruwa a Milwaukee a 1890, wanda kuma aka buɗe zauren namun dajin Afirka da sunansa a Niyok a 1936, shekara goma bayan rasuwarsa a Kwango, yana cikin shehunan da suka kafa wannan ƙa'ida.

A fadamun kudancin Amurka akwai wani ɗan'uwan jatan lande mai haƙa rami har ya cim ma ruwa, yana cura laka ƙanana ƙanana, yana jera su a bakin ramin kamar yadda magini ke jera tubali, har su zama 'yar hasumiya mai ƙofa a ka. Wanda ya cusa zalɓe ko agwagwar ruwa yakan so ya dasa wannan gini kusa da ƙafarta, a nan kuwa ma'abota sana'ar suka yi saɓani. Wasu suna sarar ginin na ainihi, su busar da shi a inuwa sannu a hankali don kada ya tsage, su shayar da shi tsinkakken gam. Wasu kuwa suna ɗaukar zubinsa da roba, su kwafa shi da farar ƙasa, su yayyafa masa turɓayar wurin.

Ba mu da wannan halitta a jigawar Gagarawa, amma muna da maginan da suka fi ta. Duk wanda ya bi gonaki daga Gumel zuwa Maigatari ko Sule Tankarkar da rani ya ga suri a gindin itatuwa, da jiɓa, da gidan da zanzaro ke mannawa a bangon zaure. Kuma tun da gara daga can ƙarƙashi take haƙo yumɓu ta haɗa da yawunta, surin yana ba da labarin abin da rairayi ya lulluɓe. Kurege, da damo, da tunku, da dabgi mai fasa suri da dare, idan aka tsayar da ɗayansu bisa gogaggen katako, an raba shi da rabin tarjamarsa, domin yaron makaranta zai ga siffarsa, amma ba zai san abin da yake ci ko inda yake fakewa ba. Jima kam ba baƙuwarmu ba ce: majema sun san bagaruwa, malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayanin hukuncin jemammiyar fata tun a Risala. Dandamalin da dabbar za ta tsaya a kai ne ba mu ba shi haƙƙinsa ba.

Ra'ayina a mas'alar shi ne a rarrabe. Ƙaramin gini, irin gidan zanzaro ko kan jiɓa, ya cancanci a adana shi da zatinsa, bisa sharaɗin a fara gasa shi ko a daskarar da shi, gama ƙasar da ke ɗauke da ƙwari masu rai za ta jawo halakar fatar da aka sha wahalar jemewa. Ƙaro, wanda ɗakwara ke bayarwa a wannan yanki, yana riƙe ƙasa idan aka jiƙa shi da ruwa-ruwa, kuma ana iya warware shi in an yi kuskure; illarsa ita ce yakan yi laushi da raɓar damina, saboda haka gidajen adana kayan tarihi suka fi dogara ga sinadarin Paraloid B-72.

Babban suri kuwa ban ga hujjar tumɓuke shi ba, alhali nauyinsa ya wuce ɗauka, ramukansa kuma mafaka ce ga halittu masu yawa. Wannan aikin magina ne. Mutumin da ya gaji kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya san makuba da yaɓe, in aka kai shi ya zauna gaban surin ya ƙare masa kallo, aka ba shi kwando ɗaya na jar ƙasar wurin, zai fitar da kwatankwacinsa bisa ƙwarangwal na waya da tsumma, mara nauyi, wanda za a iya ɗauka daga Gagarawa zuwa Gidan Makama a Kano ba tare da ya rushe ba. Sai dai wajibi ne a rubuta a jikinsa cewa kwaikwayo ne, a ambaci ƙauyen da aka ɗebo ƙasar da watan da aka ɗebo ta, domin surin damina mai sabon yaɓe dabam yake da na bazara wanda iska ta goge.