Hali Zanen Dutse: Waiwaye a Kan Shaihu Umar da Jiki Magayi

A ajinmu na adabi a nan Dutsi mun taɓa tambayar ɗalibai wanda ya fi zama a ransu tsakanin Shaihu Umar da Abubakar na Jiki Magayi. Mun zaci malamin za su zaɓa, sai mafi yawansu suka ce Abubakar. Wannan amsa ita ce sanadin wannan ɗan sharhi.

Littattafan biyu suna cikin biyar ɗin da aka buga a Zariya bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo mana Umar a matsayin mutumin kirki, mai haƙuri da tawakkali da ilmi. Sai dai in muka lura, kusan duk abin da ya same shi wasu ne suka yanke masa. Sace shi aka yi yana yaro, aka kai shi hannun Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi. Ba kasafai muka gan shi a mararraba ba, inda zai ɗauki hanya guda ya bar guda. A ganinmu mahaifiyarsa ce marubucin ya fi ƙwarewa a kanta. Ita ta zaɓi barin gida don neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta rasu bayan ta gan shi. Ba a tsaya yi mana wa'azi a kan ƙaunar uwa ba, a tafiyarta muka gan ta.

Shi kuwa Jiki Magayi na John Tafida da East, daga farko har ƙarshe zaɓi ne ke jan akalarsa. Malam Shehu ya sa dukiya ya raba Zainab da Abubakar. Abubakar na da damar ya haƙura, amma ya gwammace ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Kyauta, ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Ba ma yaba wa Abubakar, amma mun san shi ciki da bai, domin a gabanmu ƙiyayya ta rinjaye shi.

Wannan ba raina Shaihu Umar ba ne. Manufarsa nuna haƙuri da ƙaddara, kuma ya cim mata. Jan hankalinmu ga 'yan'uwa masu tasowa ne. Sau da yawa mukan karanta rubutun da aka cika shafin farko da cewa wance mai kunya ce, mai ladabi, mai tsoron Allah, amma har labari ya ƙare ba a jarraba ta ba. In kun ce tauraronku mai amana ne, ku damƙa masa kuɗin maraya ranar da ba a ɗora tukunya a gidansa ba, mu ga abin da zai yi. Mai karatu ba ya gaskata halin da bai ga mai shi ya yi asara dominsa ba.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.