Yajin Masu Ƙoƙon Bara: Tambayar da Littafin Ya Bari

A shekara ta 1979 wata marubuciya 'yar ƙasar Senegal, Aminata Sow Fall, ta fitar da littafi cikin Faransanci mai suna La Grève des bàttu. A harshen Wolof, bàttu shi ne ƙoƙon bara. Sunan yana nufin yajin mabarata ke nan.

Ga yadda labarin yake. Wani babban ma'aikaci, Mour Ndiaye, ya sa aka kori mabarata daga titunan birni, wai suna ƙyamatar da baƙi masu yawon buɗe ido. Makafi da guragu da kutare suka sha duka, sai suka tattaru a gidan wata mace, Salla Niang, a bayan gari, suka ƙi fita bara. Daga baya wani malami ya faɗa wa Mour ya yanka bijimi ya raba wa mabarata a kan titi, in yana so ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Ya nemi su komo, suka ƙi, muƙamin kuwa ya wuce shi.

Marubuciyar ta yi gaskiya a abu guda. Mai ba da sadaka yakan bukaci mai karɓa fiye da yadda yake so ya yarda, gama lada yake nema, ko biyan wata bukata. Duk wanda ya saba jefa tsaba cikin ƙoƙo a ƙofar coci ko masallaci ba tare da ya san sunan mai ƙoƙon ba, zai ga kansa a cikin Mour.

Amma littafin ya tsaya a rabin hanya. Mabarata sun yi nasara, duk da haka ƙoƙon yana hannunsu har ƙarshe. Akwai wani gurgu, Madiabel, wanda ya mutu saboda kamen. Dā mai gyaran tukwane ne a ƙauyensu, sai sana'ar ta mutu, ya shigo birni bara don ya ciyar da iyalinsa. Ashe ƙafarsa ba ta hana shi aiki ba, rashin kasuwa ne ya kai shi titi. Marubuciyar ta ambaci wannan a taƙaice ta wuce, alhali kuwa nan ne zancen yake. Wa zai ɗauki Madiabel aiki?

Tambayar tana nan a ƙasar Hausa, inda ake naɗa sarkin makafi da sarkin guragu, amma da wuya a ga makaho a bayan teburin ofis. Nijar ta kafa doka a 1993 domin kāre naƙasassu, Ghana ta kafa tata a 2006. Doka ba ta rushe matakalar da ke ƙofar ma'aikata, ba ta kuwa sāke zuciyar mai gida da ya ga sanda ya ce babu gurbi tun bai gwada hannun mai ita ba.

A Ayyukan Manzanni sura 3, gurgun da ke ƙofar Haikali kuɗi ya roƙa, Bitrus kuwa ya kama hannunsa ya tashe shi, ya shiga ciki tare da su. Ikkilisiyar da take da makaranta, ko asibiti, ko shagon ɗinki, ta karanta wannan littafi, sa'an nan ta ƙidaya naƙasassu nawa suke karɓar albashi a wurinta.