Kilo 15 na Kayan Inna: Wasiƙar Uwa a Littafin Grossman

Littafin Vasili Grossman da aka fassara da Faransanci da sunan Vie et Destin, wato Rayuwa da Ƙaddara, ya haura shafi 800, kuma yaƙin Stalingrad na 1942 zuwa 1943 ne ƙashin bayansa. Akwai tankoki, akwai manyan hafsoshi, har Hitler da Stalin sun leƙo ciki. Amma wurin da ya fi ko'ina nauyi ƴan shafuka ne a kashi na farko, inda ba a harba harsashi ko ɗaya a gaban mai karatu ba. Wata tsohuwa ce ke rubuta ma ɗanta wasiƙa, tana ba shi labarin gida. Kan wannan wasiƙa zan yi magana, don tana da abin da za ta koya ma mu masu ƙoƙarin rubuta labaran yaƙi a nan.

Sunan tsohuwar Anna Semyonovna, likitar ido ce, Bayahudiya, a wani gari na Yukren. Ɗanta Viktor Shtrum masanin kimiyya ne, yana can ɓangaren da sojan Jamus ba su kai ba. Jamusawa sun shiga garinta ranar 7 ga Yuli 1941, daga baya suka tattara Yahudawa a tsohuwar unguwa, suka zagaye su da waya mai ƙaya. Ta san kashe su za a yi. Ta san kuma amsar ɗanta ba za ta taɓa iske ta ba.

To, me mutum zai rubuta a irin wannan hali? Ga abin da ta zaɓa. Ta faɗa mashi maƙwabciyarta, wata mai takaba da ƴar ƙaramar ɗiya, ta ƙwace ɗakinta ta maida ta wani lungu bayan madafa, ba taga. Ta ce ta je asibitin da take aiki an ce an sallame ta, da ta nemi albashin watan, sabon shugaban ya ce ta je Stalin ya biya ta. Ta ce ranar tashi, mata biyu sun yi ta gardama a gabanta kan wadda za ta ɗauki kujeru da wadda za ta ɗauki tebur, da ta zo yi masu sallama kuma suka fashe da kuka. An yarda kowa ya ɗauki kilo 15 na kaya, sai ta lissafa mashi nata: matashin kai, kofin da shi ya taɓa ba ta, cokali, wuƙa, kayan aikin ido, wasiƙunsa, hotuna, da ƴan littattafai, ciki har da na Pushkin da na Maupassant.

Wanda bai natsu ba zai ce wannan ai surutun tsofaffi ne, a wuce a kai ga wurin kisa. A ganina nan ne ainihin labarin yake. In da ta rubuta cewa mutane sun lalace, da mun gyaɗa kai mun wuce, don jimla ce da kowa ya sani. Amma mata biyu masu rabon kujerunka kana tsaye, sannan su yi maka kuka na gaske, wannan ba ya barin mutum ya huta. Ba ka iya kiran su mugaye ka wanke hannu, ba ka iya kiran su mutanen kirki. Haka ta yi da wani mai suna Shukin, ma'aikacin gidan buga takardu da ta taɓa yi ma magani, wanda take ɗauka mutum ne mai ɗaurarriyar fuska. Shi ne ya ɗaukar mata kaya har bakin waya, ya ce zai riƙa kawo mata burodi duk mako, kuma ta hannunsa wasiƙar ta fita. Yaƙi ya sake raba mata mutanen unguwa, kuma rabon bai bi yadda ta zata ba.

Akwai wani aiki na biyu da labarin gida ke yi. A cikin wayar, tana ci gaba da zagayen marasa lafiya, ana biyan ta da albasa ko ɗan wake. Tana duba wani tsoho tana lissafin za a iya cire mashi yanar ido nan da wata shida ko shekara. Tana koya ma wani yaro, Yura, Faransanci, har ranta na ɓaci in ya karya lafazi. An ma ɗaura aure a layinsu. Duk wannan kuwa tana faɗin sa ne a wasiƙar da a cikinta ta ce mazan da aka kwasa da sunan haƙar dankali, ramuka masu zurfi suke haƙawa kusa da filin jirgi, kan hanyar Romanovka, ta kuma ce ma ɗanta ya riƙe sunan wurin. Mai karatu shi ke haɗa wata shidan tsohon nan da ramukan. Marubucin bai haɗa mashi ba, shi ya sa abin ke cizo.

Sai dai wasiƙar ba ta rasa inda za a kama ta ba, kuma sai an san tarihinta ake ganin wurin. An haifi Grossman a Berdichev a 1905. Mahaifiyarsa malamar Faransanci ce, tana can lokacin da Jamus ta faɗa ma Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941. Yana da kusan mako biyu da zai iya ɗauko ta zuwa Mosko, bai yi ba. Ranar 15 ga Satumba 1941 aka harbe Yahudawan garin kimanin 12,000 kusa da filin jirgi, tana cikinsu. Shi bai koma garin ba sai 1944, yana ɗan jarida tare da sojan Sobiyet. Wasiƙar Anna kenan ɗa ne ya rubuta ta da bakin uwa.

Ana jin haka a wurare biyu. Na farko, akwai inda Anna ke barin kofi da kujeru ta shiga dogon tunani kan fata, da kan abin da ake nufi da zama Bayahude. Tunanin na da kyau, amma muryar ta koma ta ɗan jaridar da ya zauna ya tattara shaidu bayan an gama kisa. Tsohuwar da ke sauri kafin gari ya waye ta miƙa takarda ta waya ba za ta jera komi daki-daki haka ba. Na biyu, kuma shi ya fi girma: ko kalma ɗaya ta zargi babu. Har ma ta ce tana murna ba ya kusa da ita. Mutum na iya cewa Grossman ya rubuta ma kansa yafiyar da ba a ba shi ba.

Na yarda da kamun farko, ban yarda da na biyu ba. A sauran littafin, Viktor bai samu sauƙi daga wannan wasiƙa ba. Yana ɗora ma matarsa laifi don ba ta jitu da uwar ba, yana ɗora ma kansa. In da uwar ta zage shi, da ya samu abin da zai kare kansa da shi. Ba ta zarge shi ba, ta dai faɗa mashi ta ɗauki kofin da ya ba ta cikin kilo 15. Duk wanda inna ta taɓa ce ma “ba komi” alhali ya san akwai komi, ya san wanne ya fi zafi. Grossman kansa bai huta ba: ya rubuta ma mahaifiyarsa wasiƙa a 1950 da 1961, tana kabari, kuma ita ya sadaukar ma littafin. A Fabrairun 1961 ƴan KGB suka ƙwace rubutun, ya mutu a 1964 bai ga an buga ba, sai a 1980 ya fito a Lausanne.

Yanzu mu dawo kan kayenmu. Tun bayan Inates a Disamban 2019 da Cinagodar a Janairun 2020, labaran soja sun yawaita a abin da muke karanta ma juna a fada. Ku duba uwayen da ke ciki. Kusan duk aikinsu biyu ne: kuka a ƙofar gida, ko doguwar nasiha kan kishin ƙasa mai kama da jawabin ranar 18 ga Disamba. Alhali mun san yadda inna ke yin saƙon murya ta WhatsApp. Za ta ce akuya ta haihu biyu, tiyar hatsi ta hau, katangar bayan gida ta zube da ruwan Agusta, ƙanwarka ta samu shiga koleji, wane ya zo neman bashinsa na ce ya jira ka dawo. Cikin “ya jira ka dawo” ɗin nan duk tsoronta yake.

Mu ma har mun fi Grossman dalilin bin wannan hanya. Anna tana kiran ɗanta da sunan lele, Vitya, ba iyaka, tana faɗin ƙaunarta a fili. Uwar Bahaushe kuwa, in ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa saboda kunya. Ba ta da wata ƙofa da za ta fitar da abin da ke ranta sai ta labarin akuya da katanga. Marubucin da ya goge waɗannan don ya sa mata jawabi ya toshe mata baki ne, ya sa nasa.

Wanda littafin ya yi ma tsawo, ya nemi babin kaɗai, ko fim ɗin La Dernière Lettre na Frederick Wiseman, na 2002, inda Catherine Samie ita kaɗai ke faɗin wasiƙar. Ya ɗauki bik ya ja layi biyu a kaye, ya rubuta abin da Anna ta ce ta ji a gefe ɗaya, abin da ta ce ta gani ko ta ɗauka a ɗaya gefen. Bayan kwana biyu ya duba wane gefe ne bai manta ba.