Tarihin Gwarzayen Bangaskiya: Darasi ko Kirari?

A wa'azin Lahadi da darussan yara a majami'a, akwai salon koyarwa da ya daɗe yana ci: a ɗauko rayuwar wani mashahurin Kirista, a ba da labarinta, sannan a ciro darasi. Tushen salon yana cikin Littafi Mai Tsarki, domin sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa ta jero Habila da Ibrahim da Musa da Rahab, kowa da abin da bangaskiya ta sa shi yi. Daga nan ikilisiya ta ɗora, har abin ya zama reshen adabi mai zaman kansa.

Da labaran shahidai aka fara. A shekarar 203 aka kashe Perpetua da Felicitas a birnin Kartaj, inda Tunisiya take a yau. Labarinsu ya ƙunshi bayanin da aka jingina wa Perpetua kanta daga kurkuku, kuma ba ta ɓoye firgitar da duhun wurin ya jefa ta ciki ba, ko damuwarta kan jaririn da take shayarwa, ko baƙin cikin ganin tsohon mahaifinta yana roƙonta ta janye. Ƙarfin labarin daga nan ya fito. Mai karatu yana ganin mace mai tsoro irin nasa, wadda duk da haka ta tsaya.

Bayan an sassauta wa Kiristoci a daular Rum a 313, gwarzon labari ya sauya daga shahidi zuwa mai gudun duniya. Wajen 360 Athanasius, bishop na Iskandariya, ya rubuta tarihin Antony, Bamisiren da ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada. Littafin ya nuna abin da salon zai iya yi. Augustine ya ba da labari cewa a 386, a Milan, wani baƙo ya gaya masa yadda wasu ma'aikatan fada biyu suka karanta tarihin Antony suka ajiye aiki nan take. Abin ya tsaya masa a rai, kuma a shekarar da ta biyo baya aka yi masa baftisma. Manufar salon ke nan tun asali: rayuwar wani ta zaburar da wani.

Sai dai mai son ya zaburar da jama'a yakan ƙara gishiri. A ƙarni na 13, tarin labaran waliyyai da Jacobus de Voragine ya haɗa ya cika Turai, da al'ajabai irin na George da ya kashe dodo. Sai da wasu malaman Katolika suka duƙufa, daga 1643, suna tankaɗe da rairaya don raba tarihi da almara. A yau dodanni sun ragu, amma wata cutar ta maye gurbinsu, wato datse labari.

A dubi John Newton, marubucin waƙar Amazing Grace. Yadda aka saba faɗa, ɗan fataucin bayi ne da guguwa ta ritsa da shi a teku a 1748, ya tuba, ya zama mai yaƙi da bauta. Abin da ake tsallakewa shi ne, bayan wannan tuba ne ya zama kyaftin na jirgin bayi, bai bar sana'ar ba sai 1754, rashin lafiya ce kuma ta raba shi da ita. Bai fito ya rubuta sukar cinikin ba sai 1788. Wanda ya datse shekarun nan arba'in ya jefar da babban darasin: mutum yana iya addu'a safe da yamma alhali lamirinsa bai farka kan zaluncin da yake ci daga gare shi ba.

Haka ma Samuel Ajayi Crowther. Ana son labarin yaron da aka kama a matsayin bawa a Osogun a 1821, sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar da shi a 1822, ya zama bishop a 1864. Ba a cika kaiwa 1890 ba, lokacin da matasan mishan Turawa suka wulaƙanta shi a wani taro a Onitsha, suka dakatar da limamansa 'yan Afirka. Ya rasu a 1891, aka kuma naɗa Bature a gurbinsa. Wannan ɓangaren yana da ɗaci domin laifin na cikin gida ne, amma a nan ne ake ganin haƙurin dattijon da bai bar ikilisiyar da ta ci masa fuska ba.

Mai kirari aikinsa ya zaɓi abin yabo ya bar saura. Mai koyarwa ba shi da wannan dama, domin Littafin da yake riƙe da shi bai ɓoye zunubin Dauda ko musun Bitrus ba. Idan aka wanke gwarzo tas, mai sauraro zai yi mamaki ya tafi gida yana cewa su daban ne. Saboda haka duk fasto ko malamin makarantar Lahadi da zai ɗauko irin wannan labari, ya kamata ya binciki wanda ya fara rubuta shi da dalilinsa, ya nemo abin da aka tsallake, ya faɗe shi tare da sauran.