Taura Biyu a Cikin Waya: Nazari a Kan Abin da Kamfanoni Ke Kira Ci Gaba

A ranar 7 ga Satumba, 2016, a birnin San Faransisko na Amurka, Phil Schiller, wanda a lokacin yake jagorantar sashen talla na kamfanin Apple, ya tsaya gaban jama'a yana bayanin abin da ya sa sabuwar wayarsu, iPhone 7, ta fito babu kafar da ake soka iyafis. Wannan 'yar kafa mai faɗin milimita 3.5 ta daɗe a duniya. Rediyo da rikoda da kwamfuta duk sun san ta, kuma kowane iyafis, na kanti da na bakin titi, yana shigarta ba tare da ya tambayi sunan kamfani ba. Schiller ya dunƙule dalilansu cikin kalma ɗaya, wadda ma'anarta ita ce ƙarfin hali. A wannan zama ne kuma aka nuna wa duniya AirPods, iyafis marar igiya, a kan dala 159.

Ban ɗauki Schiller a maƙaryaci ba. Cikin waya ɗaki ne ƙanƙane, kuma masu haƙƙi a cikinsa suna da yawa: batir yana son fili, kyamara tana son zurfi, eriya tana son gefe, lasifika tana son iska. Mai zana waya kamar mai rabon gado ne a gidan da bai da faɗi, magada kuwa sun cika zaure. Duk abin da ya ƙara wa ɗaya, daga rabon wani ya yanko. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma babu wayar da aka taɓa ƙerawa ba tare da an sarayar da wani abu ba. Saboda haka idan masoyan kamfanoni suka kaure da gardama a kan wanda ya fi ƙirƙira, nakan ga sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya cancanci bincike shi ne wanda aka yanki rabonsa, da kuma ko yana wurin lokacin da ake rabon.

Hujjar Apple ita ce cire kafar ya samar da fili ga wasu sassa, ya kuma sauƙaƙa hana ruwa shiga. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai watanni shida kafin wannan rana, Samsung ya fitar da Galaxy S7 da kafarta a jiki, kuma matakin kariyarta daga ruwa, IP68, ya ɗara IP67 na iPhone 7. Ashe ke nan zaɓi aka yi, ba tilas ba. Wani abin lura kuma shi ne tsohuwar kafar ba mallakin kowa ba ce, alhali kafar Lightning da aka bari a jikin wayar ta Apple ce, duk mai son ƙera mata kaya da izini sai ya bi ta hannun kamfanin. An rufe ƙofar da kowa ke shiga, an bar wadda ke da mai gadi. Iyafis mai igiya yakan yi shekaru har sai igiyar ta tsinke. Marar igiya kuwa yana ɗauke da ɗan batirin da aka liƙe a ciki, ranar da ya mutu shi ke nan an yi jana'izar kayan gaba ɗaya.

Abin da abokan hamayya suka yi bayan nan ya fi ba ni mamaki. Samsung ya shafe shekara biyu yana tallace-tallacen ba'a, ana nuna mai iPhone yana fama da 'yar jelar da ake haɗawa kafin iyafis ya shiga. A watan Agusta na 2019 sai ga Galaxy Note 10 ta fito babu kafar, tallace-tallacen kuma suka ɓace daga shafin kamfanin. Haka aka sake yi da caja: Apple ya cire ta daga kwalin iPhone 12 a Oktoban 2020, Samsung ya yi dariya, watanni uku bayan haka Galaxy S21 ta zo a kwalin da babu caja. Laifi tudu ne. Amma ni ba munafuncin ya dame ni ba, domin ɗan kasuwa bai yi wa kowa alkawarin tsayawa kan magana ɗaya ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda wannan ya tona asirin gasar kanta. Ɗaya yakan taka ruwan, sauran su tsaya a bakin gaɓa suna masa dariya suna kuma auna zurfin. Da sun ga bai nutse ba, sai su tuɓe takalma. Mai saye da ya yi zaton yana da wurin gudu sai ya tarar duk rumfunan kaya ɗaya suka kasa. Hatta Fairphone, ɗan kamfanin ƙasar Holan da ya gina sunansa a kan waya mai gyaruwa, ya cire kafar a 2021.

Maganar iyafis ƙarama ce idan aka ajiye ta kusa da ta batir, kuma a nan nake son in ɗan jima. Galaxy S5 ta 2014 tana da murfin baya na roba da ake ɓallewa da farce, a cire batir a sa wani, tana karɓar katin ajiya, tana kuma jure ruwa. Masu sharhi suka ce ba ta da kyan gani, robar ta sa ta zama kamar kayan araha. Shekara ta zagayo, Galaxy S6 ta zo sanye da gilashi da ƙarfe, abin sha'awa a hannu, amma batir a liƙe, babu katin ajiya, babu kariyar ruwa. An sayar da abubuwa uku masu amfani an sayi ƙyalli ɗaya, kuma aka yi tafi. Dalilin tafin ba ɓoyayye ba ne. Mai sharhi yakan riƙe waya mako ɗaya ko biyu kafin ya yi hukunci, kuma a cikin mako biyu kyan jiki kawai ake gani. Halin batir sai a shekara ta biyu yake fitowa, lokacin da mai sharhin ya daɗe da komawa kan wata wayar.

Batirin lithiyam yana tsufa da kowane caji, wannan ɗabi'arsa ce ba laifin wani kamfani ba. Apple da kansa ya daɗe yana cewa an tsara batirin wayoyinsa na shekarun baya ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wato tun daga ranar ƙira an san cewa sashe ɗaya na wayar zai riga sauran mutuwa, sannan aka ɗauki wannan sashen aka binne shi ƙarƙashin gam. A Disamban 2017 kamfanin ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone domin kada raunin batir ya riƙa kashe su ba zato. A fannin injiniya dabarar tana da ma'ana. Aibinta shi ne ba a faɗa wa masu wayoyin ba, har mutum ya ɗauka wayarsa ce ta ƙare alhali batir kawai take nema. Bayan ƙorafi ya yi yawa aka rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon shekarar 2018, hukumomin Faransa kuma suka ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 a 2020.

Labarin Galaxy Note 7 ya fi wannan ɗaci. Ta fito a Agustan 2016, ba a rufa wata guda ba aka fara janye kimanin miliyan biyu da rabi saboda batirinta yana kama wuta, waɗanda aka musanya su ma suka kama, kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita, a Oktoba aka daina ƙera ta. Binciken da Samsung ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna cewa a rukunin farko kwanson batirin ya matse abin da ke cikinsa ta kusurwa, a rukuni na biyu kuma an sami matsalar walda. Sai mai karatu ya tuna cewa a 2007 Nokia ma ta taɓa samun matsalar zafi a batura miliyan 46 samfurin BL-5C, batirin da duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia a ƙasar nan ya san shi. Abin da aka yi a lokacin shi ne a aiko wa mutum sabon batir, ya buɗe murfi ya canza. Cuta iri ɗaya ce, amma a waya ɗaya an cire haƙori, a ɗayar sai da aka haƙa kabari.

Na ga ƙarshen wannan zaɓi da idona a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ranar da na kai wata wayata da batirinta ya kumbura har ya fara ɗaga murfin. Yaron da ke gyaran ya juya ta, ya dube ni ya ce, "Malam, batirin ba wuya, buɗewar ce aiki. In gilashin baya ya fashe, ka yi haƙuri, ba hannuna ba ne." Ya yi ta hura mata iska mai zafi yana zura siririn ƙarfe a hankali kamar mai fiɗa, kusan rabin sa'a kafin gam ya saki. Da ya gama sai ya gargaɗe ni kada in ƙara yarda ruwa ya taɓa ta, domin liƙin da ke hana ruwan ya tafi ke nan. Kariyar da aka ce saboda ita aka rufe wayar, ita ce ta fara salwanta a gyaran farko.

Masu nazarin adabi sun san cewa kowane rubutu yana da mai karatun da marubucin ya hango a zuciyarsa, ko bai ambace shi ba. Waya ma haka take, kuma ana iya gano mutumin da aka hango daga abin da aka cire mata. Wayar da batirinta bai wuce yini ba ta hango mai wutar lantarki a gida da ofis da mota. Wayar da takardarta ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 zuwa 35 ba ta yi bazara a Sakkwato ba, inda watan Afrilu kan haura 40. Wayar da gyaranta ke buƙatar shagon kamfani ta hango mazaunin birnin da shagon yake, mai canza waya kafin batir ya gaji. Ba zunubi ba ne a ƙera wa wannan mutum waya. Kuskuren shi ne a kira buƙatarsa ci gaban duniya, a kira buƙatar saura koma-baya.

Shi ya sa nake ganin tarihin Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin mai Tecno da Infinix da Itel, ya cancanci a sa shi cikin wannan muhawara, ko da yake masu sharhin ƙasashen Yamma ba su cika lissafa shi cikin masu ƙirƙira ba. Ya hango wani mutum dabam: mai layi biyu saboda sabis ɗin wannan kamfani yana ɗaukewa inda na wancan yake kamawa, mai kai caji shago, mai sauraron rediyo, mai baƙar fata da kyamarorin da aka gwada a kan farar fata suke mayar da fuskarsa inuwa. Layi biyu da babban batir da kyamarar da aka daidaita wa fatarmu su ne suka ba shi sama da kashi 40 cikin ɗari na kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Sai a 2021 Google ya zo da irin wannan gyara na launin fata a Pixel 6, aka kuma yi masa kirari kamar shi ya fara tunanin.

Ba zan yi wa Transsion adon da bai dace da shi ba. Shi ma rabon gado ya yi, shi ma ya yanki wani. Arha ba ta ado: ƙananan wayoyinsa kan zo da manhajojin da mai saye bai nema ba da tallace-tallace a ciki, kuma sabunta manhajar tsaro ba ta daɗewa. A nan manyan kamfanonin sun sha gabansa nesa. Google da Pixel 8 a 2023, Samsung da Galaxy S24 a 2024, sun yi alkawarin sabunta manhaja har shekara bakwai, kuma a ganina wannan ya fi kowace sabuwar kyamara muhimmanci, tunda waya yau ita ce bankin talaka. Sai dai alkawarin shekara bakwai a jikin batirin da aka liƙe yana da ɗan ban dariya, kamar a ba mutum takardar hayar gida ta shekara bakwai a kuma toshe rijiyar.

Wani abin da gasar ta kasa yi, doka ce ta yi shi. Shekara da shekaru masu waya suna ɗauke da igiyoyin caji kala-kala, har Tarayyar Turai ta zartar a 2022 cewa wayoyin da za a sayar a ƙasashenta su koma kafar USB-C kafin ƙarshen 2024. Apple ya yi gardamar cewa hakan zai daƙile ƙirƙira, sannan iPhone 15 ta fito da kafar a 2023, sama kuwa ba ta faɗo ba. Tun daga Yunin 2025 kuma dokar Turai ta wajabta wa kamfanoni ajiye kayan gyara na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfuri. Mu da ke sayen wayoyin da Turawa suka gama yayi, muna cin albarkacin dokar da ba mu da kujera a majalisar da ta yi ta.

Duk da haka tseren sirantar bai tsaya ba. A 2025 Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8, batirinta bai kai na ƙaramar S25 ba, an kuma cire mata kyamarar jawo nesa. Apple ya mayar da martani da iPhone Air mai milimita 5.6, kyamara ɗaya a baya, babu wurin sa katin layi sam. Na yarda aikin injiniya ne na ban mamaki, kuma wanda ya riƙe ta zai ji daɗin rashin nauyinta. A ranar da aka nuna ta, kamfanin ya nuna wani batir na musamman da aka yi mata, wanda ake manna mata a baya da maganaɗisu, ana sayar da shi dabam a kan dala 99.